Ranar Lahadi a bakin kogin Seine: labarin da ke bayan zanen fararen jirage

Yau tarihi zai kai mu Faransa, amma ba fadar sarki za mu ba. Bakin kogi za mu, wajen wasu zane-zane da da yawa daga cikinmu suka taɓa gani ba tare da sun san sunansu ba, ko a littafin Faransanci na lakwal, ko a kalandar bango, ko a rataye cikin wani ofis. Ruwa shuɗi yana ƙyalli, ƙananan jirage masu farin ƙyalle iska tana tura su, maza da malafa, mata da lema, kowa hankalinsa kwance. Duk wanda ya kalla sai ya ce mutanen nan ba su taɓa sanin wahala ba. Alhali kuwa an yi zane-zanen ne a garin da yaƙi bai daɗe da barinsa ba, a kan kogin da dattin birnin Paris ke kwarara cikinsa, kuma wasu daga cikin masu zanen bashi ya yi musu katutu. Ku biyo ni mu ga yadda aka yi.

Garin sunansa Argenteuil. Yana bakin kogin Seine, kamar kilomita 11 daga Paris ta arewa maso yamma. Asalinsa garin manoma ne, masu gonakin inabi da lambuna, sai ramukan da ake haƙar farin dutsen da ake yin filasta da shi. A 1851 layin dogo ya iso, daga nan komai ya sauya. Mutum ya hau jirgin ƙasa a tashar Saint-Lazare da ke tsakiyar Paris, kafin rabin awa ya sauka a ƙauye, ya shaƙi iska, da yamma ya koma gida. Kuma a daidai wannan wuri kogin ya yi faɗi, ya miƙe, ya yi zurfi. Masu jiragen ƙyalle ba su da wurin da ya fi shi kusa da birni, don haka nan suka kafa ƙungiyarsu, nan suke yin tsere.

Bari mu bambanta abu biyu. Mu abin da muka saba gani a kogin Isa, wajen Yamai ko Gaya, kwale-kwale ne da ake tuƙawa da filafili ko a tokara da gora, kuma neman abinci ke sa a shige shi: su, ko fito, ko ɗaukar kaya. Su waɗannan jirage na Argenteuil doguwar sanda ake kafawa a tsakiya, a ɗaura mata ƙaton ƙyalle, iska ta cika shi ta tura jirgin. Ba kifi suke nema ba, ba kaya suke kaiwa ba. Mutum ya biya kuɗinsa ne kawai don ya je can ya dawo nan. Wannan sabon abu ne ga ƴan birni a wancan zamani, wato hutun da ake saya da kuɗi, kamar yadda ake sayen riga.

Sai yaƙi ya katse shagalin. A watan Yuli na 1870 Faransa ta shiga yaƙi da Prusiya, daular da ta haɗa kan Jamus, ta kuma sha kashi. Aka yi wa Paris ƙawanya tun daga Satumba har ƙarshen Janairu na 1871, yunwa ta kai mutane ga cin dawaki da ɓeraye, har giwayen gidan namun daji ba su tsira ba. Faransa ta rasa yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine, aka ɗora mata tarar faran miliyar 5. Ba a gama wannan jimami ba sai ga tawayen Paris da ake kira Commune, wanda sojan gwamnati suka murƙushe a watan Mayu na 1871, dubban mutane suka mutu cikin mako guda. A Argenteuil kuwa gadoji biyu ne, ta hanya da ta jirgin ƙasa, duka an karya su, kuma sojan Prusiya sun zauna cikin garin.

A watan Disamba na 1871, watanni kaɗan bayan wannan bala'i, wani mai zane ɗan shekara 31 mai suna Claude Monet ya kama hayar gida a Argenteuil tare da matarsa Camille da ƙaramin ɗansu. Shi Landan ya gudu lokacin yaƙin. Abokinsa Frédéric Bazille, wanda suka koyi zane tare, ya shiga soja aka kashe shi a Nuwamba na 1870. Cikin zanen farko da Monet ya yi a garin akwai gadar hanya tana kewaye da katakon magina ana gyara ta. Bayan haka sai ya juya wajen jirage da ruwa da rana. Ya yi shekara shida a nan, ya yi zane sama da 150. Abokansa Auguste Renoir da Alfred Sisley suka riƙa zuwa, su kafa ƙyallensu kusa da nasa, su zana abu guda kowa da nasa idon.

To me ya bambanta zanensu da na sauran? Nan ne maganar take.

A wancan lokaci hanya ɗaya ce mai zane ke yin suna a Faransa, wato babban baje kolin shekara da ake kira Salon, wanda kwamitin alƙalai ke tantance abin da zai shiga. Abin da alƙalan ke so shi ne labarin tarihi, yaƙe-yaƙe, gumakan Girka da Rum, manyan mutane. Kuma sai an yi aikin a ɗaki, wata da watanni, an goge shi sumul har ba a ganin sawun buroshi. Monet da abokansa suka ce su abin da ke gaban idonsu za su zana, a waje, a cikin hasken da yake a lokacin. Tun damina ta 1869 shi da Renoir suka gwada haka a wani wurin wanka da hayar jirage mai suna La Grenouillère, a kan wannan kogi dai.

Ruwa shi ne babban malaminsu. Ku yi tunani: ruwan kogi ba ya tsayawa, hasken da ke kansa yanzu ba shi ne na bayan minti goma ba. Wanda ya ce sai ya tsaya ya gyara kowane layi, kafin ya gama abin da yake kallo ya tafi. Dole hannu ya yi sauri. Sai suka riƙa ɗora fenti gutsi-gutsi, kowane launi a gefen ɗan uwansa, ba tare da sun cakuɗa sun goge ba. Idan ka matso kusa, dabbare-dabbare kawai za ka gani. Ka ja da baya taku uku ko huɗu, sai idonka ya haɗa su da kansa, ka ga ruwa yana motsi.

Akwai wani ƙaramin zane na Monet na wajen 1872 mai suna Régates à Argenteuil, wato tseren jirage a Argenteuil, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. A sama ga fararen ƙyallaye, ga gidaje masu jan rufi, ga korayen itatuwa. A ƙasa, inda inuwarsu ta faɗa cikin ruwa, sai ya ja faffaɗan layuka a kwance, fari da ja da kore, kamar wanda ya shafa da ɗan yatsa. Bai ɓoye sawun buroshinsa ba ko kaɗan. Ga alƙalan Salon wannan aikin da ba a gama ba ne. Ga Monet kuwa ya gama, tunda hasken wannan sa'a ya riga ya kama shi.

Abubuwa uku suka taimake su, kuma duka daga masana'anta da ɗakin bincike suka fito. Na farko, bututun fenti. A 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matsawa, irin na man goge baki. Kafin nan a cikin mafitsarar alade ake ɗaure fenti, idan an huda ta ba ta rufuwa da kyau, fentin ya bushe. Da bututu, mai zane sai ya zuba launukansa a akwati ya tafi bakin kogi. Na biyu, sababbin launuka masu haske da masana sinadarai suka haɗa a ƙarni na 19, musamman shuɗi da kore da rawaya. Na uku, littafin da masanin sinadarai Chevreul ya fitar a 1839, inda ya nuna cewa launi yana sauya kama a ido gwargwadon launin da ke kusa da shi: ruwan lemo kusa da shuɗi, kowanne ya ƙara haske. Shi ya sa za ku ga jirgi mai ruwan lemo a kan shuɗin ruwa a zanen Renoir. Inuwa ma ba su cika yin ta da baƙi ba, da shuɗi ko shunayya suke yi, domin haka ido ke ganinta a waje.

Monet bai tsaya a gaɓa ba. Ya samu jirgi ya gina masa ɗan ɗaki da rumfa, ya mai da shi wurin aiki, dabarar da wani dattijon mai zane, Daubigny, ya riga shi yi. Daga cikin jirgin idonsa na dab da ruwa. A damina ta 1874 Édouard Manet ya zo ya same shi. A lura fa, Manet daban Monet daban, ko a wancan lokaci mutane na rikita sunayen. Manet ya girme shi, ɗan masu hali ne, kuma danginsa na da gida a Gennevilliers, tsallaken kogin. Ya zana Monet yana aiki cikin jirginsa, Camille na zaune a ƙofar ɗakin. Ya kuma yi wani babban zane da ya sa wa suna Argenteuil, namiji da mace zaune a bakin jirage. Da aka nuna shi a Salon na 1875, ƴan jarida suka yi ta ba'a da shuɗin ruwan, wai kogin Seine bai taɓa yin wannan launi ba.

A shekarar 1874 ɗin ne kuma suka gaji da alƙalai suka buɗe nasu baje kolin. Ran 15 ga Afrilu, a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar, a titin Capucines na Paris, mutum wajen 30 suka rataye aikinsu, kuɗin shiga faran ɗaya. Cikinsu akwai Monet, Renoir, Sisley, Pissarro, Degas, Cézanne, da mace, Berthe Morisot. Manet ya ƙi shiga, shi dai Salon yake so. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ga zanen Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre mai suna Impression, soleil levant, sai ya rubuta a jaridar barkwanci ta Le Charivari yana kiransu impressionnistes, ma'ana masu zana abin da ido ya hango a kallon farko, waɗanda ba sa gama aiki. Zagi ne ya yi, su kuwa daga baya suka ɗauki sunan suka yafa. Baje koli takwas suka yi tsakanin 1874 da 1886.

Yanzu mu koma maganar ruwan nan shuɗi. Masu ba'ar suna da ɗan gaskiya, ko da yake ba ta inda suke nufi ba. A zamanin Napoleon na Uku, lokacin da Haussmann ke sake fasalin Paris, injiniya Belgrand ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa don fitar da dattin birni. Birni ya samu tsabta, amma ina dattin ya tafi? Babbar magudanar ta zubo shi cikin Seine wajen Clichy da Asnières. Argenteuil kuwa yana ƙasa da su, ruwan da ya wuce can shi ne ke isowa nan. Rahotannin hukuma na shekarun 1870 sun yi maganar baƙin laka da wari da mutuwar kifi a wannan yanki na kogin. Tun 1869 aka fara gwajin malala ruwan dattin a gonakin Gennevilliers don rage abin da ke shiga kogi. Ga kuma masana'antu a garin, ciki har da maƙerar Joly, wadda ta yi aikin ƙarfen babbar kasuwar Paris ta Les Halles. Jirgin ƙasan da ya kawo masu hutu, shi ne ya kawo hayaƙi.

Shin masu zanen ƙarya suka yi ke nan? A'a. Wanda ya duba da kyau zai ga alamun suna nan. A zanen Manet, can bayan mutanen biyu, ga bututun masana'anta yana hayaƙi. Monet ya zana sabuwar gadar jirgin ƙasa sau da yawa, jirgi na wucewa a sama da hayaƙinsa, farin ƙyalle na wucewa a ƙasa. A 1875 ma ya zana ƴan dako suna sauke gawayin kwal daga manyan jiragen kaya wajen Asnières, suna tafiya a kan siraran katako, zane mai duhu da ba ya kama da sauran. Amma irinsa bai yawaita ba. Sau tari mai zane na juya wa masana'anta baya, ya zaɓi kusurwa, ya zaɓi sa'a, ya zaɓi ranar da rana ta fito. Abin da ya nuna gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Ko mu yau haka muke yi da wayoyinmu, kafin mu ɗauki hoto sai mun kauce wa juji.

Sai tambaya ta biyu: hutun na su wane ne? Dokar 1848 ta ƙayyade aikin masana'anta awa 12 a rana. Dokar da ta tabbatar wa ma'aikata hutun rana ɗaya a mako sai 1906 ta zo. Hutun shekara da albashi, mako biyu, sai 1936. Ke nan waɗanda muke gani cikin jiragen galibinsu masu kanti ne, da ma'aikatan ofis, da ɗalibai, da ƴaƴan masu kuɗi, sai ƴan mata masu ɗinki da ke samun Lahadi ɗaya su fito. Babban zanen Renoir, Le Déjeuner des canotiers, abincin ranar masu jirage, wanda ya yi tsakanin 1880 da 1881 a barandar gidan abinci na Fournaise a Chatou, ya nuna wannan cakuɗar. Mutum 14 ne, wasu da singileti da malafa, wani da doguwar baƙar hula ta manya, tebur cike da inabi da kwalaben giya. Wadda ke wasa da ɗan kare Aline Charigot ce, mai ɗinki, wadda Renoir ya aura daga baya. Bakin kogi na cikin ƴan wuraren da mai kuɗi da mai ɗinki ke zama teburi guda. Lebura kuwa sai a 1884 wani matashi, Georges Seurat, ya sa irinsa a tsakiyar babban zane, samari suna wanka a Asnières, masana'antun Clichy na hayaƙi a bayansu. Salon ya ƙi karɓar zanen.

Su kansu masu zanen hutun ba hutu suke yi ba. Dillalinsu Paul Durand-Ruel, wanda Monet ya haɗu da shi a Landan, ya sayi aikinsu da yawa a 1872 da 1873, sai kasuwa ta faɗi ya dakata. A watan Maris na 1875 suka yi gwanjo a Hôtel Drouot, aka yi ta hayaniya da dariya, wasu zanen Renoir ko faran 100 ba su kai ba. Monet kuma mutum ne mai kashe fiye da abin da yake samu. Wasiƙunsa na roƙon rance, har wajen Manet, suna nan an adana. A farkon 1878 ya bar Argenteuil da bashi a wuyansa. Camille, wadda ke cikin zanen rana da furanni masu yawa, ta rasu a Satumba na 1879 tana da shekara 32. Sai bayan da Durand-Ruel ya kwashi zane wajen 300 ya kai New York a 1886 ne kasuwa ta buɗe sosai, Amurkawa suka fara saye.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata a ambata, Gustave Caillebotte. Shi ne ke zaune a gaba ta dama a zanen Renoir, ya juya kujera. Ya gaji dukiya, mai zane ne, kuma gwanin tseren jirage da ke tsara fasalin jiragensa da kansa. A 1881 ya sayi gida a Petit-Gennevilliers, daura da Argenteuil. Ya riƙa sayen zanen abokansa lokacin da babu mai so, har da wancan ƙaramin zane na tseren jirage. Da ya rasu a 1894 yana da shekara 45, ya bar wa ƙasar Faransa zane kusan 70. Aka yi ta ja-in-ja, manyan malaman zane suna cewa abin kunya ne a rataye su. A ƙarshe 38 aka karɓa, aka nuna su a 1897. Su ne tushen abin da miliyoyin mutane ke bin layi su gani yau a gidan tarihi na Orsay. A 1923 wani Ba'amurke, Duncan Phillips, ya sayi zanen Renoir na masu jirage dala 125,000 ya kai Washington. A farkon 2023 kuma aka sanar da sayen wani zanen Caillebotte na mutum mai tuƙa jirgi a kan Yuro miliyan 43 don ya zauna a Faransa, wato sama da miliyar 28 na sefa.

Kogin fa? Shi bai yi sa'a irin ta zanen ba. A shekarun 1890 ƙungiyar masu jiragen ƙyalle ta tattara ta koma can ƙasa wajen Meulan, Argenteuil ya zama garin masana'antu. A 1923 aka hana wanka a Seine cikin birnin Paris. Sai da aka kashe kusan Yuro miliyar 1.4 wajen tsabtace shi saboda wasannin Olamfik na 2024, sannan a watan Yuli na 2025 aka sake buɗe wa jama'a wuraren wanka guda uku. Shekara 102 ke nan.

Wannan shi ne abin da na ga ya dace mu ɗauka. Zanen nan sun adana wani ɗan lokaci ne, wanda bai wuce shekara 20 ba, lokacin da jirgin ƙasa ya riga ya kawo mutane bakin ruwa amma masana'anta ba ta gama cinye gaɓar ba. Fenti ya riƙe hasken har yau. Ruwan kuwa sai da aka shekara ɗari ana biyan kuɗin ɓata shi. Idan kun sake cin karo da ɗaya daga cikinsu, ku ji daɗin farin ƙyallen, sannan ku duba can baya ku nemi hayaƙin.

Ku kuma a garinku, wane bakin ruwa ne iyayenku ke ba ku labarin sun yi wanka ko hutu a cikinsa, wanda yau ba ya shiguwa? Ku faɗa mana a ƙasa.